Ritayar Janar Mai Aski

Shagon askin da ke kusurwar layinmu na maigidana ne, Allah ya jiƙansa. Kujera biyu, madubi ɗaya mai tsaga a gefe, bencin masu jira, da durowar reza da hoda. Shekara ashirin da shida ya yi yana aski a ciki, ba a taɓa cewa ya yanki kunnen wani ba. Da ya rasu na ɗauki makullin na danƙa wa ƙaninsa, don a hannunsa ya koya, kuma ba na son ganin baƙuwar fuska a madubin nan. Rumfata tana jingine da bangon shagon, ina sayar da bokitai da robobi. Ko allura ce ta faɗi a ciki, ina ji.

Ƙanin nan nasa ba yaro ba ne, gemunsa ya fara furfura, amma shi da bakinsa ya raɗa wa kansa suna Janar. Ba soja ba ne. Ranar da ɓera ya shiga shagon, a tsaye na same shi kan benci yana ƙwala mini kira. Janar ɗinsa na cikin waya ne. Wani wasan yaƙi ne, kowa ya gina birninsa a waya, ya tara itace da dutse da sojoji, sai mutum hamsin su haɗu su zama runduna guda, su riƙa kai wa wasu rundunoni hari. Mutanen gaske ne, kowa yana inda yake, ba su taɓa ganin juna ba, amma suna da ɗakin hira inda suke magana da murya. Shi ne shugaban tasu. Tun safe abin ji yana cushe a kunnensa, injin aski a dama, waya a hagu, yana ihu, "Ku bi ta yamma! Ta yamma na ce, 'yan banza!" Wanda ake yi wa aski sai ya juya kai yamma.

Na yi haƙuri shekara guda. Ran wata Talata haƙurin ya ƙare. Da safe ya aske wa tsohon hedimasta rabin kai, aka kawo musu hari, ya bar dattijon da tawul a wuya har ya yi gyangyaɗi ya farka ya sake yin wani. Da rana mai nama ya zauna ya ce a rage masa kaɗan, zai je gaida surukai. Wayar ta yi ƙara, hannun dama ya bi na hagu, injin ya fitar da titi tun daga goshi har ƙeya.

Mai nama ya dubi madubi ya ce, "Janar, wannan mota za ta bi ko mashin?"

"Sabon yayi ne."

"To zo in yi maka irinsa, wuƙata tana kusa."

Da ƙyar tela da mai shayi suka riƙe shi. Ni kuwa na kakkaɓe zanena, na shiga, na miƙa hannu.

"Makulli."

"Haba Matar Yaya!"

"Matar Yaya ta gaji. Ko ka bar wasan nan, ko ka bar shagon nan. Masu aski uku sun yi mini magana, kuma kowannensu da hannu biyu yake aiki."

"Mutum hamsin ne a wuyana! In na tafi wa zai riƙe su? Marayu za su zama."

"Ni ma an tafi an bar ni, ga ni a tsaye."

"To ba ni wata uku in shirya su."

"Gobe."

"Wata biyu."

"Gobe da safe."

"Wai ke ba kya motsawa ne?"

"Na motsa mana. Da har yamma ne, yanzu da safe ne."

"Sati biyu, don girman Yaya."

"Don girmansa ne ban ce yanzu ba."

Muka tsaya a Asabar. Ni dama Asabar na nufa tun daga rumfa, amma ban taɓa fara ciniki daga inda zan tsaya ba.

Sai ya gyara tsayuwa ya bugi ƙirji. "To ki sani, Janar ba ya sulalewa kamar ɓarawon takalmi. Ritaya zan yi. A nan ƙofar shago, da kujeru, da lasifika, duk layin nan su ji yadda ƙarti hamsin suke kuka. In kuwa suka roƙe ni in zauna, ke ma sai kin ji kunya kin sassauta."

"In suka roƙa."

"Za su roƙa! In biyar suka roƙa, ki bar mini awa uku kullum."

"Arba'in, rabin awa."

"Bakwai, awa biyu."

"Talatin, kuma albarka."

Muka yi ta ja har shayin mai shayi ya huce. Aka tsaya a goma: in mutum goma suka roƙe shi ya zauna, ya riƙe makulli kuma ya samu awa ɗaya kullum bayan ya rufe shago. In ba su kai ba, ya goge wasan a gabana, ko ya ajiye makulli a tafin hannuna. Hedimasta, da hula a ja har kunne, ya rubuta a bayan kalanda ya sa hannu a matsayin shaida.

Laraba Janar ya ce zai gwada kansa, don mutane su san cewa shi ke riƙe da wasa, ba wasa ke riƙe da shi ba. Ya jefa wayar cikin durowa, ya kulle, ya kai wa tela ɗan makullin.

"Ko kuka na zo ina yi, kada ka ba ni sai yamma."

Tela ya ce, "Ko kuka?"

"Ko birgima."

Ya zaunar da wani mai gyaran famfo, ya shafa masa kumfa a gemu. Minti tara ne, na duba agogon rumfa. Durowar ta fara rawa. Wayar tana girgiza, rezoji suna kaɗawa kamar ana wanke cokula. Janar ya tsaya da reza a sama.

"Hari ne."

Mai gyaran famfo ya ce ta cikin kumfa, "Ni dai wuyana ba ya cikin yaƙin."

Durowa ta sake rawa. Sai ga Janar a ƙofar tela.

"Ba ni."

"Ba ka yi kuka ba tukuna."

"Tela, rayuka ne!"

"Saura birgima."

Ya koma da gudu, ya sa almakashi a bakin durowar, almakashi ya lanƙwashe. Ya kama mariƙin da hannu biyu, ya tokare ƙafa da bango, ya ja. Durowar ta fito gaba ɗayanta, shi da ita suka zube ƙasa, gwangwanin hoda ya fashe masa a ka. Ya miƙe fari fat, idanu kaɗai ke motsi, ya lalubo wayar.

Na leƙa na ce, "Mutum nawa suka mutu?"

Mai gyaran waya, wanda shagonsa ke tsallaken layi, ya karɓa ya karanta da ƙarfi: "Itacenka ya gama taruwa, zo ka kwashe."

Mai gyaran famfo ya goge kumfarsa da kansa ya tafi da gemunsa.

Alhamis ya shiga neman zukata. Ya ce shugaba nagari da kyauta ake tuna shi. Ya zauna kan bencin masu jira yana raba dukiyar birninsa: wannan dutse, wancan itace, wancan dawaki. Da ya ga ba wanda ya ce an gode, sai ya ce abin bai kai musu ba ne, ya fara aika sojoji. Ɗari nan, ɗari biyu can, har masu tsaron ƙofa ya tura.

Mai gyaran waya ya ce, "Janar, wa ka bari a gida?"

"Kwarjini."

Kwarjinin bai kai azahar ba. Ina cikin ciniki da wata mata a kan baho, ta kusa zuwa inda nake so, sai muka ji ihu daga shago.

"Wuta! Sun sa wuta! Komai yana ci! Jama'a, ku kawo ɗauki!"

Layinmu ba a yi mana kiran wuta sau biyu. Mai shayi ya tsallake teburinsa. Tela ya fito da awo a wuya. Mai nama ya baro nama da ƙudaje. Kowa ya wawuri bokiti, kuma bokitin wa? Nawa. Sababbi, da takarda a jiki. Suka cika a famfon kusurwa suka afka shagon. Na farko ya samu madubi, na biyu kujera, na uku da na huɗu da na biyar duk Janar suka samu, yana tsaye ya ɗaga waya sama kamar mai tsallake kogi da jariri.

Mai shayi yana haki ya ce, "Ina wutar?"

Janar ya juyo masa da wayar. Ga wani ɗan birni kamar tafin hannu, hayaƙi na tashi.

Mai nama ya ajiye bokitinsa a hankali, ya koma famfo, ya sake cikawa, ya dawo ya juye masa a ka. Ya ce, "Wannan na titi ne."

Ni ban ɗaga murya ba. Na tsaya a bakin ƙofa na ce bokitin da ya sha ruwa ba sabo ba ne, kowa ya tafi da nasa, kuma ba kyauta ba. Ban taɓa yin kasuwa irin ta ran nan ba. Har na ji kamar in ƙara masa sati guda.

Juma'a ya zo da abin da ya kira babbar dabara. Akwai mataimakiyarsa a rundunar, ana ce mata Guguwa, wai ma'aikaciyar jinya ce a wani wuri. Ya tara mu ya yi bayani, yana kashe ido.

"Zan miƙa mata shugabanci yau. Ita kuma, don kunya da ladabi, za ta ce a'a, ranka ya daɗe, ban isa ba. In sake miƙawa, ta sake mayarwa. Sau uku. Kafin gobe kowa ya san kujerar nan ba ta zaunuwa sai da ni."

Na ce, "In ta karɓa fa?"

"Matar Yaya, ba ki san siyasar yaƙi ba."

Ya danna. Ko numfashi bai sauke ba saƙo ya shigo. Mai gyaran waya ya karanta: "Na gode."

"Ci gaba."

"Shi ke nan."

"Duba ƙasa, akwai saura."

"Akwai hoton babban yatsa."

Janar ya ce, "Ta ruɗe ne. Yanzu za ta dawo da shi."

Muka jira. Tela ya gama ɗinka wando guda. Ba ta dawo da shi ba. Abin da ya canza kawai, kambin da ke kan sunansa ya koma kan nata, shi kuma aka rubuta masa ɗan runduna, daidai da wanda ya shigo jiya.

Bai karaya ba. Ya ce to bari ya tura sanarwar taron gobe, kowa ya hallara bayan la'asar da ƙyallen share hawaye. Ya rubuta doguwa, ya tura. Mai gyaran waya ya leƙa ya dafe kai.

"Janar, wannan ba ɗakinku ba ne. Babban dandali ne. Duk rundunonin wasan sun gani, har waɗanda suka ƙone ka jiya."

"To ai gara. Maƙiya ma su san zaki zai huta."

Asabar bayan la'asar layinmu ya cika. Kujeru daga kowane shago, mata a bakin ƙofofi, har mai sayar da lemo daga wancan layin ya gangaro da baronsa. Mai gyaran waya ya haɗa wayar da wata ƙatuwar lasifika. Hedimasta ya zauna gaba da kalanda da biro. Ni na kifa bokiti na zauna a gefensa. Janar ya fito cikin riga mai sitaci, tela ya ɗinka masa gezar labule a kafaɗu biyu, tana lilo in ya juya.

Ya hau benci ya yi gyaran murya.

"Ya ku zakunana! Ya ku 'ya'yana!"

Ya fara tun daga ranar da ya aza dutsen farko. Ya bi yaƙi-yaƙi, ya daɗe a kan wanda ya kira Yaƙin Gadar Dutse, inda a cewarsa shi kaɗai ya hango nasara ta yamma. Ya ce ya bar abinci ya huce dominsu, ya bar kawunan mutane a buɗe dominsu. Hedimasta ya ce, "Wannan gaskiya ne." Minti ashirin yana yi. Daga lasifika muna jin cokali yana bugun kwano, jariri yana kuka a wani gida, wani yana cinikin tumatir, kuma ya biya da tsada, na ji da kunnena.

Ya rufe da cewa, "Yau zan tafi. Sai dai in kun hana ni."

Shiru. Cokalin nan dai bai tsaya ba.

Janar ya juyo gare mu, ya rage murya. "Kuka ne ya shaƙe su."

Sai muryar mace ta fito, a natse, kamar mai kiran mara lafiya na gaba. Guguwa ce. "Wai ba an ce Janar zai yi magana yau ba? Ko ya fasa?"

Wani ya amsa da abinci a baki, "Ga alamar bakinsa can tana motsi tun ɗazu."

"Au! Ku buɗe shi, ku buɗe shi."

Na taɓo mai gyaran waya na ce me za a buɗe. Ya ce a ɗakin hirar kowa yana iya toshe muryar wanda ya dame shi, shi mai maganar ba zai sani ba. Ya faɗa a hankali, amma mai shayi ya ji, kuma abin da mai shayi ya ji duk layi sun ji.

Janar ya sunkuya kan wayar. "Kun toshe ni? Tun yaushe?"

Guguwa ta ce, "Kada ka ji haushi. Tun da ka sayi injin nan mai kukan jirgi. Wata goma sha ɗaya ke nan."

"Dukanku?"

"Akwai wanda kunnensa ya fara ruwa, Janar."

"To umarnin da nake bayarwa fa?"

"Ni nake rubuta musu nawa."

"Yaƙin Gadar Dutse! Ni na ce a bi ta yamma!"

Mai abinci a baki ya ce, "Ta gabas muka bi. Shi ya sa muka ci."

Mai nama ya zame daga kujera. Tela ya cusa awo a baki. Janar ya gyara gezar kafaɗa, ya ce to ba komai, zai maimaita jawabin daga farko. Murya wajen goma suka ce a'a a tare, ya taƙaita.

"Zan bar wasan."

"Allah sarki. To Allah ya ba da sa'a."

"Sai wata rana, Janar."

"A gaida gida."

"Dawakin da suka rage masa wa zai gada?"

Hedimasta ya riƙe biro a sama, bai samu abin rubutawa ba. Janar ya ce, "Ba mai wata magana? Ku yi tunani. Ba sauri nake ba."

Sai wata murya mai kauri ta shigo, da ƙugin babbar mota a bayanta. "Janar, ni ne direban tanka. Ni ban taɓa toshe ka ba."

Janar ya ɗaga hannu. "Ku ji! Ku ji mai hankali!"

"Hanya tana da tsawo, ni kaɗai ne a mota. Rediyo yana sa ni gyangyaɗi, amma kai in kana ihun nan, ko ƙiftawa ba na yi. Ba na gane abin da kake cewa, amma ka kai ni gida sau da yawa. Ni dai da za ka zauna, da na so."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Hedimasta ya ja layi ɗaya ya ce, "Ɗaya."

Na miƙe ina shirin miƙa hannu, sai wayar ta fara ƙara ba tsayawa. Mai gyaran waya ya duba ya ce, "Saƙonni ne daga babban dandali. Kai! Roƙo ne!"

Janar ya yi tsalle a kan benci. "Karanta! Malam, ƙirga!"

"Janar kada ka tafi. Janar don Allah ka zauna. Janar in ka tafi mun shiga uku. Janar wasan ba daɗi in ba kai."

Biro yana ta tafiya. Biyar, takwas, goma. Mata suka fara guɗa. Aka tsaya a goma sha huɗu, da direba goma sha biyar.

Na ce, "Waɗannan 'yan rundunarsa ne?"

Mai gyaran waya ya ce, "A'a, na wata rundunar ne."

Hedimasta ya juya kalanda ya gyara tabarau. "Abin da aka rubuta, mutum goma. Ba a ce daga ina ba."

Shekara talatin ina ciniki, ban taɓa barin ƙofa irin wannan a buɗe ba, sai ga mai gezar labule ya bi ta ciki. Yana rawa a kan benci yana nuna ni. "Matar Yaya, har maƙiya! Har maƙiya sun durƙusa!"

Ni karatuna bai wuce haɗa baƙi da ƙyar ba, amma na san abu guda. In mai saye ya yabi bokiti tun bai taya ba, akwai abin da ya hango. Na ce wa mai gyaran waya, "Tambaye su, don me?"

Janar ya ce, "Don ƙauna mana!"

"To a rubuta, mu ji ƙaunar."

Ya rubuta. Amsa ta zo nan take, doguwa, ya karanta tiryan-tiryan.

"Gaskiya shi ne gonarmu. Yana tarawa, muna kwashewa. Bai taɓa rufe ƙofar baya ta birninsa ba, mun zaci da gangan ne. Mun raba kwanaki, kowa da ranarsa, ni Talata ce tawa. Sababbin shiga ma a kansa muke koya musu hari, don ba ya ramawa, sai dai ya tura sojoji yamma. Duk ginin da muka yi bana da itacensa ne. Ku lallashe shi, muna da iyali."

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, rushewa ce. Mai lemo ya kifar da baro. Mai shayi ya kwanta a ƙasa yana dukan ƙafar kujera. Daga lasifika ma 'yan rundunarsa suna ta shewa, wani yana tari yana cewa a ba shi ruwa. Janar ya sauko daga benci, geza ɗaya ta maƙale a ƙusa ta zauna can.

Na jira aka lafa. Na ce, "Goma sha biyar goma sha biyar ne. Ban taɓa tashin cinikin da na sallama ba, ba kuma zan fara a kanka ba. Makulli naka, awa ɗaya taka. Je ka tara musu itace, mai Talata yana jira."

Ya dube ni. Ya dubi layin. Ya dubi wayar. Sai ya ja numfashi, ya ɗaga yatsa sama yadda kowa zai gani.

"Ni, Janar, da yatsana, ba don an sa ni ba, na fita daga rundunar nan!"

Ya sauke yatsa, ya tsaya yana lalube. "Ina wurin fitar?"

Mai gyaran waya ya leƙa. "Babu. An riga an cire ka."

"Wa?"

"Guguwa. Ta ce ka yi haƙuri, ƙanwarta tana jiran gurbi tun bara, kuma tunda ka ce ka tafi."

Janar ya rungumi lasifikar yana ihu a cikinta. "Ba ku kuka kore ni ba! Ni na tafi! A rubuta, ni na tafi!" Lasifika ba ta ce komai ba, an yanke.

Ya fizge wayar ya ce a nuna masa inda ake gogewa gaba ɗaya. Aka nuna masa. Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya danna. Ta sake tambaya. Ya danna. A na uku sai hoto ya fito, yana walƙiya. Yatsan ya tsaya a iska.

"Matar Yaya," muryarsa ta yi ƙasa, "wai in na zauna za su ba ni soja ɗari biyar. Da farin doki."

"Na san irinsa. Ni ma in mai saye ya juya baya, gyara nake ɗaga masa."

"Farin doki ne fa."

Mai nama ya ce, "Ran Talata za a zo a ɗauke shi."

Ya runtse ido ya danna. Birnin ya ɓace, ba hayaƙi ba ƙara. Ya tsaya yana kallon gurbin. Ni ma na san yadda hannu yake in abin da ya saba riƙewa ya tafi.

Bai kai minti guda ba ya ɗago, ya gyara gezar da ta rage. "Kun dai gani da idonku. Maƙiya goma sha huɗu suka roƙe ni, aka haɗa mini da doki, na ce a'a." Kafin a gama mayar da kujeru, maƙiyan sun zama arba'in. Washegari mai shayi ya ji yana gaya wa wani baƙo ɗari da arba'in, dokin kuma ya zama biyu.

Na bar shi. Makulli yana aljihunsa, shago yana buɗewa a kan lokaci. Direban tanka ya nemo lambarsa, kullum da hantsi sai ya kira. Janar ya jingina wayar da madubi ya buɗe murya, ya yi ta ba shi umarnin yadda ake tuƙa tanka, shi da ko keke bai iya ba. Direba ya ce, "To, Janar. To, Janar." Jiya Janar ya leƙo rumfa yana murmushi ya ce, tunda wannan ba wasa ba ne, ko zan ƙara masa lokacin hirar.

Na ce, "Baki naka ne, yi ta yi har ya bushe. Hannu biyun nan ne na shago."